Ladabin Doreen Pawlak

A gidan su Doreen Pawlak, a birnin Buffalo, in ka faɗi magana wurin cin abinci aka ce maka "haka ne", to ka san fushi ake yi da kai. Ubanta Stan direban bas ne, mutum mai son gardama kamar ya haɗa ta da burodi ya ci. In Doreen ta dawo daga makaranta ta ce malama ta ce duniya ce ke zagaya rana, sai ya ajiye cokali ya ce, "Ita malamar ta hau sama ta gani? Ke kuma me ya sa kika yarda?" Ya san sarai malamar gaskiya ta faɗa. So yake ya ga yadda 'yarsa za ta ƙwaci kanta. Uwarta kan ce, "Stan, don Allah ka bar yarinya ta ci abinci." Shi kuma ya ce ai tana ci, da baki ɗaya ake yin duka biyun. Haka Doreen ta tashi da sanin cewa mai ƙaunarka shi ne wanda zai tsaya ya ja da kai.

Da ta shiga jami'a ta ci karo da sashen falsafa, sai ta ji kamar gida ta koma. Mutanen nan al'adarsu daban take. Za su gayyato baƙo daga nesa, ya yi musu lacca, sannan su rufe shi da tambayoyi, su yi wa maganarsa kaca-kaca, in an gama su kai shi cin abinci ana ta dariya da dukan kafaɗa. Wannan shi ne karramawa. In kuwa aka tashi ba wanda ya ja da shi, sai "mun gode, lacca ta yi kyau", to baƙon zai koma masauki yana tunanin canza sana'a. Har da tsarin ɗaga hannu suna da nasu. In sabuwar tambaya gare ka, ka ɗaga hannu ka jira layi. In kuwa ƙari za ka yi a kan wadda ake kai, yatsa ɗaya za ka ɗaga, a ba ka dama nan take. Doreen ta zama gwanar yatsa tun tana ɗaliba.

Reshen da ta zaɓa shi ne falsafar kimiyya, wato bin diddigin yadda masana kimiyya suke sanin abin da suka ce sun sani, da kuma yaushe hujja take isa a ce ta isa. Da ta yi wa ubanta bayani sai ya ce, "Wato aikinki ke nan, ki riƙa tambayar mutane ko sun tabbata?"

"Shi ke nan, Baba."

"Kai! Ni ina nan ina yi a banza, ashe digiri ake bayarwa."

Digirin kuwa ta samu, har na uku. Aiki ne ya ƙi samuwa. Ta yi shekaru tana yawo da wata tsohuwar mota cike da littattafai, bana tana koyarwa a Ohio, baɗi a Kansas, daga nan Alberta, kowane wuri kwantiragin shekara guda, sai a ce an gode. Tukwanenta ma ta daina fitar da su daga kwali. A cikin yawon nan ubanta ya rasu, uwarta ta bi shi ba da jimawa ba. Tana gab da cika arba'in wata ƙaramar jami'a a bakin tafkin Superior ta ɗauke ta aiki na gaske, irin wanda bayan shekara shida manyan sashe za su zauna su kaɗa ƙuri'a, ko su tabbatar da kai har tsufa, ko ka ɗaure kayanka.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mata rai game da 'yan uwanta masana falsafa. Suna zaune a kujera suna rubutu a kan kimiyya, misalansu duk na mutanen da suka daɗe a kabari ne, waɗanda ba za su tashi su ce an yi musu ƙarya ba. Ita rayayye take so ta gani yana aiki. Ta bi ofisoshin masu kimiyya tana ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ya ce ba shi da lokaci, wani ya zaci littafi take sayarwa. Mutum ɗaya ne ya saurare ta har ƙarshe, Farfesa Arvid Niskanen, masanin kifi, wani dogon dattijo jikan Finlandawa, wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika tafin hannu.

Ya dube ta ya ce, "Kina amai a jirgi?"

"Ban sani ba."

"To za mu sani."

Sun sani kuwa, tun ranar farko. Amma ta dawo washegari, ta kuma dawowa, har ta saba. Da zarar ƙanƙara ta narke a tafki sai ka gan ta a jirgin Arvid, cikin rigar ruwa da ta yi mata yawa, ana jan raga ana auna kifi, ita kuma tana ta zuba tambaya. Me ya sa ka jefar da wannan awon? Ta yaya ka san ma'aunin ne ya yi kuskure ba kifin ba? Arvid kan yi shiru har ta ɗauka bai ji ba, sai can an kusa gaɓa ya ba ta amsa da kalma huɗu. Tana kiransa Kyaftin, shi kuma yana kiranta Pawlak kamar wani ɗan ƙwallo. Littafin da take rubutawa gaba ɗaya a jirgin nan aka haife shi.

Ba littafin kaɗai ba ne. Ran Lahadi matarsa Lorraine kan kira ta cin abinci, bandar kifi da dankali da wani burodi mai ƙamshi, a shiga ɗakin wankan tururi a fito jajir, a zauna a baranda ana shan kofi. Lorraine ce ta zo gidanta ta ga kwalayen nan, ta ce, "Ke 'yar nan, gudun hijira kike yi?" Ta fitar da tukwanen da hannunta ta jera. Doreen ba ta taɓa faɗa ba, amma ba ta da kowa a duniya sama da mutanen nan biyu, kuma tana son dattijon nan yadda ta so ubanta.

Sai jami'a ta shirya wa Arvid laccar girmamawa, don ya daɗe yana mata aiki. Aka cika babban ɗakin taro. Shugabanni a gaba, Lorraine da 'ya'ya da jikoki a layi na biyu, masunta na gari sun sa rigunan coci. Arvid ya tashi ya yi bayanin aikin rayuwarsa, cewa ruwan tafki yana ƙara ɗumi, kuma ɗumin ne yake canza wa kifi wurin zama. Ya yi kyau ƙwarai. Aka tafa.

Aka zo tambayoyi. Wani mataimakin shugaba ya tambayi kifi mafi girma da ya taɓa kamawa. Wata ta ce ita ba tambaya gare ta ba, godiya ce. Doreen na zaune ranta yana ɓaci. Mutum ya ba da rayuwarsa ga aiki, a rasa wanda zai ɗauke shi da muhimmanci ya ja da shi? Sai ka ce yaro ya rera waƙa a bikin makaranta! Ta ji tausayinsa har cikin zuciya. Ta ce wa kanta in kowa ya wulaƙanta Kyaftin, ita ba za ta yi ba. Wani ya sake yin wata sakarar tambaya a kan zurfin ruwa, sai ta ɗaga yatsa.

Mai jagorantar taron masanin tsirrai ne, bai san zancen yatsa ba. Ya dube ta ya rage murya ya ce, "Malama, bayan gida yana hannun hagu."

"Ƙari gare ni," in ji Doreen, ta miƙe. "Arvid, ka ce in ka sami kifin a ƙasa can, zafi suka gudar wa. In ka same su a sama, ka ce ɗumi ne ya kawo abincinsu sama suka biyo. To ina za ka same su ka ce ka yi kuskure? In babu irin wannan wurin, ai ba gwaji ka yi ba, labari ka ba mu."

Arvid ya ce wani abu a kan yanayin shekara. Yatsa ya sake tashi. Ya kawo zancen raga. Yatsa. Ta bi amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya tana kwance su a tsanake, fuskarta cike da fara'a, kamar mai miƙa kyauta. A can baya shugaban sashenta, Farfesa Howard Krantz, yana ta gyaɗa kai don alfahari. Daga ƙarshe Arvid ya tattara takardunsa ya ce, "To. Na gode." Doreen ta fita tana jin ta yi abin kirki. Har ta yi mamaki da ba a neme ta wurin cin abincin ba.

Lahadi ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Wata Lahadin ma haka. Ta gaida Arvid a farfajiya, ya ɗaga mata hula kamar baƙuwa. Jirgi ya yi fitarsa ta ƙarshe kafin sanyi ba tare da ita ba. Sannan ne fa ta sha jinin jikinta.

A kanti ta ci karo da Lorraine, wajen kayan gwangwani.

"Lorraine, wai me na yi?"

Lorraine ta ajiye kwando. "Me kika yi? A gaban jikokinsa, Doreen! Ƙaramar har tambayata ta yi wai matar nan me Kaka ya yi mata."

"Ai girmama shi na yi! Kowa yana ta yi masa tambayar yara."

"In wannan ce girmamawarku, ina tsoron in ga raininku."

"Raininmu ai shi ne abin da sauran suka yi. A wurinmu in kika ce wa mutum tambayarsa ta yi kyau, ko laccarsa ta yi kyau, kika tsaya nan, to kin binne shi. Kin ce masa bai isa ki ɓata bakinki a kansa ba."

Lorraine ta ce, "Ku dai Allah ya shirye ku. Mu nan, 'yar nan, in mutum ya yi kuskure, a taro tafa masa ake yi. Sai an fito ki ja shi gefe, ki zuba masa kofi, ki ce akwai wani ɗan abu da bai shige miki ba. Shekara nawa kina cikin jirginsa, ke da shi da ruwa? Ba ki ga wurin faɗa ba sai ranar?"

Wannan ta shige ta. Gaskiya ne, ta lura da matsalar tun tuni, ajiye ta ta yi don babbar rana, yadda ake ajiye kwalbar giya mai kyau.

Ta je ofishinsa neman gafara, amma bakin da ya saba ba ya canzawa rana ɗaya. "Kyaftin, na zo in ba ka haƙuri bisa dalilai uku. Na farko, niyyata ba ta ɓata ba, ko da yake niyya ba ta wanke sakamako. Na biyu..." Ya bari ta kai na uku, ya ce yana da aji. Ta koma mota ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka sosai. Littafi ko oho, ta san za ta iya ƙarasa shi da abin da ke hannunta. Dattijon take so ya dawo.

Haka sanyi ya wuce mata. Da bazara ta ƙarato, lokacin ƙuri'arta ya zo, kuma kafin manya su zauna dole ta yi wa sashe lacca a kan littafinta. Ranar ta shiga ƙaramin ɗakin taronsu, ga Krantz da sauran sun zauna suna wasa wuƙa. Can a kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa, sai ga Arvid, da hula a kan gwiwa.

Ta yi laccarta. Jigon maganar shi ne hujja ba ta taɓa kai mutum ga tabbas ɗari bisa ɗari, amma masana suna da hanyoyin sanin yaushe ta isa a yi aiki da ita. Aka taso mata. Krantz ya kai hari, ta mayar. Wani ya ɗaga yatsa, ta karya shi. Abin yana tafiya yadda ake so, har ta fara jin daɗi. Sai Arvid ya ɗaga hannu. Da yake bai san wanne ya dace ba, hannun ya ɗaga gaba ɗaya da yatsa a miƙe a samansa. Aka ba shi dama. Ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin, ya gyara murya. Kana gani ka san haddacewa ya yi.

"Ban yarda da ke ba," ya ce. "Kin ce hujja ba ta kai mutum ga tabbas. To ke ma taki hujjar ba ta kai ba. Saboda haka me zai sa mu yarda da ke?"

Kowa a ɗakin ya san tambayar nan. Duk shekara sai wani ɗan aji ɗaya ya yi ta, yana jin ya gano abin da ba a taɓa ganowa ba. Amsar tana bakin Doreen, mai kaifi, a shirye. Krantz har ya jingina da kujera yana murmushi, yana jiran kallo. Ita kuwa ta dubi dattijon a tsaye shi kaɗai a cikin baƙi, kunnuwansa sun yi ja. Ta san masu ƙuri'a na kallonta, ta san abin da shiru zai jawo mata. Ta haɗiye amsar.

"Na gode ƙwarai, Arvid," ta ce. "Tambaya ce mai kyau. Zan yi tunani a kai."

Biron Krantz ya faɗi ƙasa. Ana tashi ya tare ta a ƙofa. "Doreen, lafiyarki ƙalau? Tambayar da 'yar shekara sha takwas za ta amsa! A gaban kwamiti!" Ta ce masa kanta ke ciwo. Ƙuri'ar da aka kaɗa daga baya da ƙyar ta tsallake, kuma har ya yi ritaya Krantz bai daina ba da labarin ranar da Pawlak ta yi sanyi ba.

Amma ita a lokacin ba ta Krantz take yi ba. Ta fito wurin ajiye motoci tana taka ragowar ƙanƙara, ta hango Arvid tsaye jikin motarsa ta ɗaukar kaya. Ta nufe shi zuciyarta fari tas, tana jiran ya miƙo hannu. Sai ta ga fuskarsa a murtuke. Ba ta taɓa ganinsa haka ba, ko ranar laccarsa.

"Tambaya mai kyau?" ya ce. "Ni za ki ce wa tambaya mai kyau?"

"Kyaftin, ai ni..."

"Lorraine ta gaya mini abin da wannan yake nufi a wurinku. Binne ni kika yi. Duk sanyin nan ina karanta littattafanku marasa hoto, ina gwada tambayar nan a kan matata har ta ce za ta koma gidan ƙanwarta. Na zo in girmama ki irin naku, ki shafa mini kai kamar jariri? Ban isa ba ke nan?"

Tun da ta san shi bai taɓa jera magana mai tsawon haka ba. Dariya ta taso wa Doreen, hawaye ya riga ta fitowa.

"Ni kuma irin naku na yi maka," ta ce. "Na bari sai mun fito in zuba maka kofi."

Ya dube ta. Ya dubi takalmansa. "To ga mu a waje. Kofi babu. Faɗi."

"Ka tabbata?"

"Pawlak."

Ta share ido da hannun riga, ta ja numfashi. "Tambayarka ba ta da kyau ko kaɗan. Tambayar 'yan aji ɗaya ce. Ban ce hujja banza ce ba, cewa na yi ba ta kai ka ga tabbas. Kai da kake duba sama da safe, ka taɓa tabbata hadari ba zai taso ba? Ba ka taɓa ba. Amma kana kunna inji ka fita, kuma ba hauka kake yi ba. Nawa littafin ma haka yake. Ban ce ka tabbata da ni ba, cewa na yi hujjata ta isa a fita da jirgi. Ka haɗa rashin tabbas da rashin dalili, kuma wannan kuskuren ko Lorraine ta gano shi, tausayinka ta ji."

Wuyan Arvid ya yi ja har cikin riga. "Kai. Da zafi."

"Da zafi."

"Kullum haka kuke ji?"

"Kullum."

"Mahaukata," ya ce a hankali. Ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya da hannu a kanta, bai dube ta ba. "Na sa an kawo wasu 'yan ma'aunan zafi da ake maƙala wa kifi a jiki. In suka nuna kifin yana zama cikin ruwan ɗumi alhali ga mai sanyi kusa da shi, abinci kuma iri ɗaya, to na yi kuskure. Wurin da kika tambaya ke nan."

Duk watannin da Doreen ta yi tana zaton ya shafe ta daga ransa, ashe da tambayarta yake kwana yake tashi.

"In kuma suka nuna hakan fa?" ta ce. "Aikin rayuwarka ne."

"Sai in ji zafi." Ya shiga ya miƙa hannu ya buɗe mata ɗaya ƙofar. "Shigo, sanyi ake yi. Na ga alama ba ki gama ba."

Ba ta gama ba kuwa. Tana ɗaura bel ta fara: kifi nawa zai maƙala wa, ta yaya zai san ma'aunin bai canza wa kifin hali ba, wa zai zaɓi waɗanda za a saka wa. Arvid yana tuƙi yana cewa "uhm". Tana tsakiyar tambaya ta huɗu ko ta biyar suka iso mararrabar da ake juyawa zuwa unguwar su Doreen. Bai ko rage gudu ba, ya miƙe ya bi gangaren da ke sauka bakin tafki, inda jirginsa yake ɗaure.